Kundin aikin kula da 'yan ƙaramar sakandare a makarantarmu ta Kirista, 2024/2025

26 ga Agusta, 2024

Kwamitin kula da ɗalibai ya kammala tsarin da za a fara da shi idan an koma makaranta. Aikin ya shafi ajujuwa uku na ƙaramar sakandare, yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma manufarsa guda ce: kada a sami yaro ko yarinya a makarantar nan da babu wani babba da ya san halin da yake ciki.

A firamare yaro yana wuni da malami ɗaya, wanda da ganin fuskarsa ya san ko lafiya. Yana shigowa sakandare sai ya koma hannun malamai takwas ko tara, kowa da minti 40 ɗinsa, daidai lokacin da jikinsa ke sauyawa. Jacquelynne Eccles da abokan aikinta a Jami'ar Mishigan sun nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa raguwar ƙwazo a wannan mataki ba balaga kaɗai ke kawo ta ba, har da tsarin makaranta: yaro yana neman a ba shi zaɓi ana ƙara matse shi, yana neman kusanci da manya ana ƙara nesanta shi da su.

An raba kowane aji rukuni-rukuni, yara 12 a hannun malami ɗaya, kada su wuce 14 ko an matsu, domin da sun kai 20 rukuni ya koma aji, mai shiru kuma ya ɓace a ciki. Za su riƙa zama minti 20 kowace safiya, malamin kuma zai riƙe su har shekara uku. Kowane yaro yana da kati mai gida huɗu, daga Luka 2:52 inda aka ce Yesu ya yi ta girma cikin hikima da tsayi da tagomashi wurin Allah da mutane: karatu, lafiyar jiki, bangaskiya, zama da jama'a. Sau ɗaya a wata malami zai rubuta layi biyu a kowane gida, abin da ya gani da idonsa ban da zato. Katunan a kulle suke a ofis.

13 ga Satumba

An manna sunayen ɗalibai duka a ɗakin malamai, aka ce kowane ma'aikaci, har masu gadi, ya sa ɗigo a gaban sunan yaron da zai iya faɗin abu biyu a kansa waɗanda ba su shafi maki ba. Masu surutu da masu laifi da masu zuwa na ɗaya sun cika da ɗigo. Waɗanda suka tashi babu ko ɗaya na tsakiya ne: ba sa faɗuwa, ba sa fitina, suna kawo aikin gida a kan lokaci. Sunayensu aka fara miƙa wa malaman rukuni, aka cire takardar a ranar kada wani ɗalibi ya leƙo ya gani.

Minti 20 ɗin nan kowa ya sa masa ido. Ofis na aiko da sanarwa, ana duba yunifom da farce, kafin a ankara rukuni ya zama wurin kama masu laifi, yaro kuwa ba zai buɗe cikinsa ga wanda ya gama yi masa faɗa a kan takalmi ba. An mayar da sanarwa allo, duba tufafi ya koma bakin ƙofar shiga. Zaman yanzu minti 3 ne na gaisuwa da rajista, 12 na aikin ranar, 5 na aya da addu'a. Litinin duba littafin tsara aiki, wanda yaro ke rubuta ayyukan da aka ba shi a ciki, Talata da Alhamis hira a kan batu ɗaya, Juma'a wasa ko waƙa. Laraba malami yana ganawa da yara uku ɗaya bayan ɗaya, minti huɗu-huɗu, sauran suna karatu, ta haka kowa ke samun nasa zaman sau ɗaya a wata.

30 ga Satumba

Malamai sun yi ta kuka da gyangyaɗi a sujada da darasin farko, har wasu suna cewa zuciyar yaran ce ta yi sanyi ga al'amuran Allah. Kafin a ja kunnen kowa an ba su takarda su rubuta lokacin kwanciya da na tashi na mako biyu, ba suna. 'Yan aji uku da yawa ba sa samun awa 8 a daren makaranta.

Ma'aunin da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2016 shi ne awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga 'yan 13 zuwa 18. Idan balaga ta kama, sinadarin melatonin mai kawo barci yana jinkirin fitowa da dare, agogon jiki ya ja da awa ɗaya zuwa biyu, ga lokacin tashi bai motsa ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 kada makarantun wannan mataki su fara darasi kafin 8:30.

Ɗage lokacin buɗewa bai yiwu ba a wannan zango, iyaye sun riga sun tsara zirga-zirgarsu a kansa, sai aka taɓa abin da ke hannu. Aikin gida na dare ɗaya, duk darussa a haɗe, kada ya wuce minti 60 a aji ɗaya, 70 a aji biyu, 80 a aji uku. An kafa jadawalin gwaji a ɗakin malamai, aji ba ya ɗaukar fiye da biyu a rana. Sujadar da makaranta ke yi gaba ɗaya sau biyu a mako ta tashi daga sassafe ta koma bayan hutun safe, ta kuma sauko daga minti 30 zuwa 15, wa'azi minti 7 a kan batu ɗaya, yara ke karanta nassi da jan waƙa.

18 ga Oktoba

An gama darussan balaga na aji ɗaya. A tsohuwar manhaja sai aji uku ake taɓa batun, alhali alamun balaga suna farawa tsakanin shekara 8 da 13 ga mata, 9 da 14 ga maza, kuma yawancin 'yan mata suna ganin al'adarsu ta farko wajen shekara 12 ko 13. Wato sai an sha wuyar ake zuwa da bayani.

Takarda ta je wa iyaye mako biyu kafin a fara, da batutuwan duka, da gayyatar su zo su duba kayan koyarwa. An yi zama uku maza daban mata daban, sannan na huɗu a haɗe a kan mutunta juna, domin namijin da bai san mene ne al'ada ba shi ke dariya idan ya ga tabo a siket. An faɗa wa mata cewa al'ada takan rikice a shekara ɗaya ko biyu na farko, an nuna musu audugar mata da yadda ake sauya ta bayan awa 4 zuwa 6. Maza sun ji batun fashewar murya, da mafarkin balaga, da kumburin nono da kan sami samari da yawa ya baje da kansa, galibi cikin shekara biyu. Kowa ya ji cewa mata kan riga maza yin tsawo da kusan shekara biyu, don haka gajeren yaro a aji biyu bai makara ba. Iyakar zuwa ganin likita: yarinya ta kai 13 ko yaro ya kai 14 babu wata alama, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba.

Muhawara ta yi tsawo a kan ta inda za a fara. Wasu sun so a fara da gargaɗi game da zunubi. Kwamiti ya tsaya a kan Farawa 1:31 da Zabura 139:14, cewa jiki aikin Allah ne kuma yana da kyau. Yaron da aka haɗa masa balaga da laifi tun darasin farko zai ɗauki mafarkin da ba shi da iko a kansa a matsayin zunubi, ya koyi ɓoyo, kuma ranar da wani ya taɓa shi inda bai kamata ba ba zai faɗa ba, don yana ganin shi ma da nasa laifin. Koyarwar tsarki da kamun kai tana nan a zama na uku, bayan an kafa wancan tushe.

Akwatin tambayoyi bai yi aiki ba da farko, don duk wanda ya tashi ya jefa takarda an san shi ke da tambaya. Yanzu kowa ana ba shi takarda iri ɗaya ya naɗe ya jefa, ko bai rubuta komai ba, malami ya sake tsara tambayar da kalmominsa ya amsa a zama na gaba. Akwai auduga da siket na canji a ɗakin jinya, kuma yarinyar da ta nuna katin fita ba a tambayarta dalili.

6 ga Nuwamba

Littafin tsara aiki yana zama babu rubutu. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara abu da tuna wa'adi, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, saboda haka cewa ɗan shekara 12 ya tsara lokacinsa bai isa ba, sai an kama hannunsa. Kowane malami yana tsayawa saura minti 3, ya rubuta aikin a kusurwar allo guda, ya zaga ya ga an kwafa. Babban aiki ana yanka shi uku, kowane yanki da ranarsa.

22 ga Nuwamba

An sake rubuta ƙa'idar horo. Da aka bi rahotannin rikicin malamai da ɗalibai na rabin zango, waɗanda suka fi tsanani daga tsawa a gaban aji suka faro. A wannan shekaru yaro yana jin idon kowa a kansa yake. Gwajin Margo Gardner da Laurence Steinberg na 2005 ya nuna matasa sun fi yin kasada a wasan tuƙi na kwamfuta idan tsaransu na wurin, manya kuwa abin bai sauya su sosai ba. Malamin da ya daka tsawa ya ce a tashi tsaye ya bar wa yaro hanya biyu, ya sha kunya a gaban abokai ko ya mayar da magana, kuma da yawa ta biyun za su bi.

Matakan yanzu suna bin Matiyu 18:15, a sami mai laifi shi kaɗai tukuna. Malami ya matso kusa da teburinsa ya ci gaba da darasi. In bai bari ba ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, a gajarce, ya juya ya ba shi sarari ya bi. In ya ci gaba, a gana bayan darasi da tambaya huɗu: me ya faru, wa abin ya shafa, me za ka yi ka gyara, me kake bukata kada a sake. An hana hukunta aji duka saboda mutum ɗaya. An hana ba da kwafar ayoyi ko haddarsu a matsayin hukunci, ba ma so yaro ya tashi yana ganin Littafi Mai Tsarki bulala ne. Idan hukunci ya ƙare ya ƙare, washegari malami ya kira sunansa da fuska a sake.

Inda makarantar Kirista ta fi saurin zamewa shi ne cin zali. Abin da aka saba, a kira yaran biyu a ce su gafarta wa juna, su gaisa, a yi addu'a. Wannan ya dace da faɗan tsara da tsara. Cin zali kuwa, yadda Dan Olweus ya fayyace shi a bincikensa a Norwe, da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, na jiki ko na yawan magoya baya. In aka zaunar da su wuri ɗaya, wanda ake zalunta zai ce ya yafe don tsoro, a fita a ƙara masa don ya kai ƙara. Yanzu ana jin kowa daban, a rubuta, a sanar da iyayen biyu a ranar, mai laifi ya faɗi takamaiman abin da zai daina, a sake duba wanda aka zalunta bayan mako ɗaya da bayan wata ɗaya. Gafara ana koyar da ita, amma ba a yanka mata wa'adi, ba ta kuma soke hukunci. Daga KiVa, shirin yaƙi da cin zali a makarantu na Jami'ar Turku a Finlan, aka ɗauko aiki da 'yan kallo, domin dariyarsu ce ke ƙara wa azzalumi ƙarfi. Hirar Talata ta wannan wata a kan abin da mai kallo zai iya yi ne ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba: ya ƙi dariya, ya zauna da wanda aka ware, ya faɗa wa babba.

9 ga Disamba

Taron iyaye a kan waya. A makaranta ƙa'idar ba wuya, waya tana shiga akwati mai lamba a zaman rukuni, ta fito bayan darasin ƙarshe, mai neman ɗansa ya kira ofis. Wahalar tana gida, a zaurukan WhatsApp da yara ke buɗewa da kansu, inda ake cire wani ko a yaɗa hotonsa cikin dare, da safe rigimar ta shigo aji. An tuna wa iyaye cewa Instagram da TikTok da Snapchat shekara 13 suka sa mafi ƙaranci, kuma majalisar Ostareliya ta amince a ƙarshen watan jiya da dokar da ta kai iyakar 16. Abu biyu aka roƙa. Waya ta kwana a wajen ɗakin barci, a ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya. In kuma yaro ya kawo ƙarar mugun abin da ya gani, kada a ƙwace wayar, don daga ranar ba zai ƙara faɗa ba.

Ga ma'aikata: idan hoton tsiraicin ɗalibi ya bayyana, kada a buɗe, kada a kwafa, kada a tura wa kowa ko shugaban makaranta ne. A kashe wayar a kai wa jami'ar kare yara, ita za ta bi abin da doka ta tanada.

14 ga Janairu, 2025

Malaman darasin Littafi Mai Tsarki sun ce 'yan aji biyu da uku sun fara wasu irin tambayoyi: in Allah mai ƙauna ne me ya sa mara lafiyar da aka yi ta yi wa addu'a ya mutu, ina Kayinu ya samo mata, yaya za a haɗa Farawa da darasin kimiyya. Wasu malamai sun ɗauka raini ne, kwamiti bai ga haka ba. A wannan shekaru ne tunani ke fara auna magana biyu, ya kuma hango saɓanin abin da babba ya faɗa da abin da yake yi, kuma bangaskiyar da yaro ya karɓa a gida sai ta bi ta nan kafin ta zama tasa. Labari ɗaya tak muke da shi na Yesu tsakanin ƙuruciya da fara hidimarsa, yana ɗan shekara 12 a Haikali, zaune cikin malamai yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi (Luka 2:46). Toma da ya ce sai ya gani ba a kore shi ba, hannuwa aka nuna masa.

Alhamis ta ƙarshen wata ta zama ta tambayoyin bangaskiya, ta akwati. In yaro ya tambaya baki da baki, malami ya fara da, "Me ya kawo maka wannan tambaya?" Sau da yawa akwai rasuwa ko rabuwar iyaye a bayanta, kuma irin wannan yaro ba hujja yake nema ba. In malami ba shi da amsa ya ce zai bincika, ya dawo da ita cikin mako.

Maki a wannan darasi na sani ne kawai, ba a ba da shi a kan tsawon addu'a ko shaidar tuba. An daina kiran masu son ba da ransu ga Almasihu su fito gaba a sujada, domin ɗan shekara 13 zai fito don abokinsa ya fito, ko ya noƙe don abokinsa ya zauna. Mai so ya sami fasto ko malamin rukuninsa daga baya. Inda ikkilisiyoyi suka bambanta, kamar lokacin baftisma, ana bayyana ra'ayoyin da adalci a mayar da yaro wurin iyayensa da fastonsa. Ɗalibin da ba daga gidan Kirista yake ba ba a sa shi addu'a a fili. Binciken da Christian Smith ya jagoranta a kan matasan Amurka a farkon shekarun 2000 ya gano iyaye ne suka fi kowa tasiri a bangaskiyar 'ya'yansu, shi ya sa ayar mako ke tafiya gida da tambaya ɗaya ta tattaunawa, ba maki a kanta.

7 ga Fabrairu

Horon ma'aikata duka, awa 3, a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da kare yara. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wato rukunin yara 12 da wuya ya rasa ɗaya ko biyu. Ɓacin ran yini ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Abin lura shi ne canjin da ya kai mako biyu ya kuma taɓa rayuwa: barin abokai da abin da yake so, zubewar maki, ciwon kai ko ciki kowace safiya, rama, yawan fashin makaranta, dogon hannun riga a lokacin zafi don ɓoye rauni. A matasa ciwon damuwa yakan fito da fushi da saurin harzuƙa, shi ya sa mai shi ke ƙarewa a ofishin horo maimakon ɗakin jinya.

Idan yaro ya buɗe baki, ba a yi masa alkawarin rufe sirri. A ce, "Ina jin ka, amma in abin ya shafi lafiyarka ko ranka dole in faɗa wa wadda za ta taimaka, kuma zan gaya maka kafin in faɗa." Kada a sa masa amsa a baki, kada a shiga bincike, kada a tunkari wanda ake zargi. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, a miƙa wa jami'ar kare yara a ranar. In akwai alamar yana tunanin kashe kansa a tambaye shi kai tsaye, bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin. In ya amsa cewa haka ne, ba a barinsa shi kaɗai har iyaye da likita su karɓe shi.

Ana addu'a da yaro in yana so, tare da kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. An hana gaya wa mai ciwon damuwa cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Iliya da ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci da abinci aka fara ba shi. Ba a kuma kawo matsalar ɗalibi taron addu'ar malamai da suna ko da bayanin da za a gane shi, ta nan sirri ya fi fita a makaranta irin tamu, kuma da kyakkyawar niyya. Ganawar Laraba a cikin aji ake yi inda kowa ke gani. Babu malami da ɗalibi a rufaffen ɗaki, babu saƙon waya tsakaninsu.

12 ga Maris

Rukunonin ba su tafi kafaɗa ɗaya ba. Inda malami ya mayar da hirar Talata wa'azi, yara sun yi tsit. An tuna Yakubu 1:19, saurin ji da jinkirin magana, aka kuma sa ma'auni: kada malami ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin. "Yaya makaranta?" amsarta "Lafiya lau, Malam." "Wane darasi ya fi yi maka tsawo a makon nan?" ita ke buɗe magana. An haɗa malamai biyu-biyu su riƙa leƙa rukunin juna sau ɗaya a wata, an kuma rage wa kowa darasi ɗaya a mako don katuna da kiran iyaye, domin aikin da aka ɗora a kan cikakken jadawali shi ake fara yarwa idan jarrabawa ta matso.

'Yan aji uku sun fara karanta wa 'yan firamare littafi, Juma'a biyu a wata. Ba masu ƙoƙari kaɗai aka zaɓa ba, kuma wasu da suka saba zaman ofishin horo suna cikin waɗanda suka fi riƙe amanar.

4 ga Afrilu

An sake aikin ɗigo a gaban sunaye. Marasa ɗigo sun ragu, waɗanda suka rage galibi sababbin shigowa ne a tsakiyar shekara da masu yawan fashi. Daga zango mai zuwa sabon ɗalibi zai gana da malamin rukuni cikin kwana 3, a haɗa shi da abokan rakiya biyu na mako biyu, fashin kwana 2 a jere kuma malamin rukuni ne zai kira gida da kansa.

Motsa jiki bai samu gyara ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa minti 60 a rana ga 'yan shekara 5 zuwa 17, jadawalinmu darasi biyu ne a mako, kuma 'yan matan aji biyu da uku suna zillewa saboda kayan wasanni da rashin keɓaɓɓen wurin sauya tufafi. An nemi su kawo nasu shawarwarin a rubuce kafin hutun Ista. Takardar jin ra'ayin iyaye a kan mayar da darasin farko 8:30 a shekara mai zuwa za ta fita a makon farko na sabon zango. A watan Mayu 'yan ajin ƙarshe na firamare za su zo su yi safiya biyu da malaman da za su riƙe su a Satumba, sai a kammala raba rukunoninsu kafin ƙarshen Afrilu.